Ranar da Aka Yi Gulmata a Aji

Idan wata rana aka zauna rubuta tarihin ilimin boko a ƙasar Kabi, aka kuma damƙa aikin a hannun mutum mai tsoron Allah, dole ya raba littafinsa gida biyu: zamanin da ya gabaci shigar da gulma cikin jadawalin darussa, da zamanin da ya biyo baya. Ni shaida ne. Ina cikin ajin da aka yi wannan juyin juya hali, a wata makarantar jeka-ka-dawo da ke gefen titin Jega zuwa Aliero, kuma ina cikin na ƙarshe-ƙarshe da aka yi gulmarsu da izinin hukuma.

Muna aji uku na ƙaramar sakandare ne, zangon ƙarshe, lokacin da ake shirin raba mutane zuwa ajin kimiyya ko ajin adabi. Ga yawancin 'yan ajinmu maganar ba ta wuce ta zaɓen ɗaki ba. Ni tawa ta fi haka nauyi. Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka mahaifina ba ya kiran sunana, ba ya kuma yi mini magana kai tsaye idan akwai wani abu a kusa da za a iya fuskanta. Wata rana da yamma ya fuskanci turken akuya, ina tsaye a bayansa, ya ce wa mahaifiyata: idan boko na da abin da za ta yi da yaron nan, ta faɗa kafin a tashi hutu, idan ba ta da shi, kawunsa na Jiga Birni na neman hannu a fadama, ya je ya koyi albasa tun daga iri har buhu.

Ban ƙi albasa ba, ita ta raine ni. Makarantar ce ba na son bari. Matsalar ita ce boko ba ta taɓa nuna ta san da zamana ba. Ban taɓa zuwa na ɗaya ba, ban taɓa zuwa na ƙarshe ba, ban taɓa yin laifin da ya kai a kira sunana a taron safe ba. Akwai malamin da ya koyar da ni tun aji ɗaya, ya tare ni a aji uku ya yi mini barka da zuwa.

A wannan zangon ne malaminmu na Turanci, wani dogon mutumin Maiyama mai karin guga a hannun riga kamar kaifin wuƙa, ya je taron ƙara wa juna sani a Birnin Kebbi. Ya dawo da sabon muƙami, malamin ba da shawara kan sana'a, da kuma imani mai zafi cewa kowane ɗan Adam an halicce shi da wata baiwa a binne, aikin makaranta kawai ta tono ta kamar gyaɗa. Abin da aka tono a jikin kowa shi zai nuna ajin da za a kai shi.

Hanyar da aka koya musu a taron mai sauƙi ce. Kowa ya miƙe ya faɗi abin da ya fi iyawa.

Na farko ya miƙe ya ce, "Allah ne Masani, Malam."

Na biyu ya ce bai iya komai ba, kuma ya faɗe shi da natsuwar wanda ya amsa tambaya daidai. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya tun da aka kafa ajin ta ce tana dai ɗan taɓawa. Abokin zamana a benci, wani Bafulatani daga rugar da ke bayan Birnin Malam, ya miƙe ya zuba wa siminti ido har sai da Malam ya ba shi haƙuri ya ce ya zauna.

Waɗanda suka tsara taron ba su yi la'akari da mu ba. Mu mutane ne da manomi zai cika rumbu, albasarsa ta cika rudun da ake adana ta har ta rasa wurin shan iska, ka tambaye shi ya ce an ɗan samu ta miya. Ba wanda zai miƙe a gaban jama'a ya buɗe baiwarsa kamar tabarma, baki ya kama ta.

Malam bai karaya ba. Mako na gaba ya ce to, kowa ya yabi na kusa da shi. Wannan ya fi na farko muni. Wani ya dubi maƙwabcinsa ya daɗe yana nazari, ya ce, "Shina da lafiya." Wanda aka yaba ya yi sauri ya karanta addu'a ya tofa a ƙirjinsa. Aka yabi rubutun wata yarinya, kwana kaɗan yatsanta ya kumbura, uwarta ta zo har ofishin shugaban makaranta tana tambayar wa ya ba da izinin a sa wa 'yarta baki a lokacin darasi.

Wahayin ya zo ne ta hanyar alli. Malam ya fita ɗauko shi, ya kuma aiki wani yaro ɗebo ruwa. Da ya dawo, kafin ya shigo, sai ya ji ajin da ya kasa furta kalma ɗaya ta yabo ya buɗe yaron nan da aka aika kamar an yanka kankana: yadda yake cin abinci, yadda yake tafiya, yadda ba a taɓa cin sa a ciniki ba, yadda ya taɓa sayar wa mutum zakara sannan ya saye shi da araha kafin la'asar. Malam ya tsaya a bakin ƙofa da alli a hannu. Daga baya ya gaya mana cewa a tsayuwar nan ya koyi abin da bai koya a Birnin Kebbi ba.

Aka kafa doka. Wanda layi ya zo kansa zai fita ya tsuguna a ƙarƙashin taga ta waje, inda ba a ganinsa amma yana ji. Aji zai yi maganarsa. Kowace magana sai an buɗe ta da tubarkalla, don a toshe baki. Shi kuma Malam zai tsaya a allo yana tace abin da aka faɗa, yana fitar da sana'a daga ciki.

Malamin addini ya ji labari ya zo da kansa, ya ce abin da ake yi sunansa giba, kuma hukuncinta sananne ne. Malam ya ce giba sai a bayan idon mutum, wannan kuwa ga shi nan a gindin taga. Wani daga baya ya ce in dai yana nan to mu ba za mu iya magana ba. Aka shiga muhawara mai zurfi. A ƙarshe aka daidaita cewa mutumin ba ya nan ga ido, yana nan ga kunne, kuma da yardarsa. Malamin addini ya tafi bai gamsu sosai ba, amma an lura daga ranar yakan sami dalilin wucewa ta bayan ajinmu a hankali.

Wanda aka fara da shi wani ne da ke barci a kowane darasi ba tare da nuna bambanci ba.

"Tubarkalla, Malam, wanga ko bisa jaki shina barci."

"Tubarkalla, ya taɓa barci a sahun gaba ranar da mai duba makarantu ya zo."

Malam ya tambayi me ke sa shi barci. Sai ga shi ashe tun asuba yake fadama yana ban-ruwa, kuma in ya dubi ganyen albasa daga nesa yakan ce wannan fangalin ciwo ke gare shi, ya kuma faɗi irin ciwon, manya su zo su duba su tarar haka ne. Malam ya juya ya rubuta malamin gona a allo da manyan baƙaƙe. Aka aika a shigo da shi ya ga makomarsa, aka tarar ya yi barci a jingine da bango.

Monitarmu mace ce, ƙarama, mai murya kamar an buga tasa.

"Tubarkalla, Malam, bakinta ba shi da burki."

"Tubarkalla, ta taɓa yin gardama da direba a tashar Jega, tun shina zaginta har ya koma shina ba ta haƙuri, har ya ɗaukar mata kaya."

Sai murya ta taso daga ƙarƙashin taga: "Ƙarya ne, Malam! Shi ya fara, kuma ina da shaidu!"

Malam bai ko juya ba. Ya rubuta lauya, ya ja layi a ƙasa. Tun daga ranar Barista muke kiranta, kuma har yau da take da 'ya'ya ba ta amsa wani suna da sauri kamar wannan.

Abokin zamana Bafulatanin nan, aka ce in ya kalli taron safe sau ɗaya ya san wanda bai zo ba, ba tare da ya ƙirga ba, kamar yadda yake sanin saniyar da ta ɓace. Aka ce matan rugarsu shi suke jira ya taso makaranta ya raka su asibiti, ya juya ciwonsu daga Fulatanci zuwa Hausa, ya juyo maganin. Malam ya rasa na zaɓa tsakanin likitan dabbobi da na mutane, ya rubuta duka biyun ya ce lokaci zai raba. Yaron ya shigo bai dubi kowa ba, amma mako guda cur yana yi wa siminti murmushi.

Daga nan makaranta ta rikice. Ba ka jin komai a fili sai Dokta, Barista, Manaja, Kwanturola. 'Yan aji biyu suka kai kuka cewa su ma a yi gulmarsu. Masu dabara suka fara raba awara da rake kwana ɗaya kafin layinsu, har Malam ya gano ya ce duk wanda ya raba wani abu ɗan siyasa za a rubuta masa, a wuce wurin. Mutane suka riƙa tafiya gida da wani irin taku. Akwai wanda aka ce masa matuƙin jirgin sama saboda ba ya jin jiri a kan giginya, ya daina gaishe mu.

Ni kuwa kullum layi na matsowa, ina ƙirga waɗanda suka rage a gabana. Duk wanda aka yi gulmarsa yana da wani abin da ya fito fili, ko barci ne ko baki. Ni me za a ce? Tsorona shi ne in tsuguna a gindin tagar nan aji ya yi shiru, in koma gida boko ba ta ce komai ba.

Layina ya faɗo ranar kasuwar Jega. Na fita na tsuguna, bangon ya ɗumama bayana. Na ji Malam ya ce, "To, bismillah."

Shiru.

Wani ya yi tari. Benci ya yi ƙara. Can sai wata murya, cikin ladabi da son sani na gaskiya, ta ce, "Malam, wai wa ya hita?"

Aji ya fashe da dariya. Ina cikin tunanin ko in wuce Jiga Birni daga nan a ƙafa in rage wa kowa wahala, sai na ji ƙarar babur da na sani tun ina goye. Mahaifina ne, ya sauke albasa a kasuwa, buhunan da ba komai a ciki na ɗaure a baya. Ya biyo ne ya ji amsar boko da kunnensa. Abin da ya fara gani kuwa shi ne ɗansa a tsugune a waje, sauran 'ya'yan mutane na ciki suna dariya.

Ya kafe babur ya taho. Babu akuya a kusa, dole ya fuskance ni.

"Kai. Mi kay yi anka koro ka?"

Abin da na yi a lokacin ban taɓa yin sa ba, ban kuma sake ba. Na ɗora yatsa a baki, na ce wa mahaifina ya yi shiru.

"Baba, maganata ake yi."

"Wa ke yi?"

"Aji duka."

Ya dubi taga, ya dube ni. Ban san mutumin da zai ji ana maganar gidansa a bayan bango ya wuce ba. Ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna kusa da ni, warin albasa ya rufe mu.

Barista ce ta cece ni. "Haba, ku ba ku da kirki. Tubarkalla, Malam, shi ne wanga mai kwance kayan mutane."

"Au, shi!"

Kamar an fasa madatsar ruwa.

"Tubarkalla, Malam, ya gyara mani tocila, yanzu sai an girgiza ta take kamawa."

"Da can ko an girgiza ba ta kamawa, faɗi gaskiya!"

"Tubarkalla, agogon bangon nan da ke bayanka, Malam, shi ya buɗe shi lokacin tara. Ka ga shina tahiya? To ƙusa guda ta yi saura, tana cikin aljihunsa."

Na ji takun Malam ya je wajen agogon ya dawo. Ni dai ban taɓa ɗaukar waɗannan abubuwa a matsayin iyawa ba. Abu in yana da murfi, hannuna ne ke ƙaiƙayi, shi ke nan.

Mai barci, wanda ranar Allah ya sa idonsa biyu, ya ce injin ban-ruwansu ya taɓa ƙin jan ruwa, na zo wucewa na tsaya na saurara, na ce iska yake sha ta bakin tiyo, na ɗaure wurin da robar tayar keke, ya tashi. Wata ta ce na gyara mata zip ɗin jaka amma yanzu ta ƙasa yake buɗewa. Wani ya ce kwaɗon ƙofar ajin ma tun da na taɓa shi kowane mabuɗi yana buɗe shi, abin da ya kawo zaman lafiya sosai. Sai ga muryar da ba a cika ji ba, ta abokin zamana, a hankali:

"Tubarkalla. Wayar baffana ta faɗa cikin ƙwaryar nono. Shi ya buɗe ta, ya shanya, ya mayar. Tana yi." Ya ɗan tsaya. "Sai dai in ta yi zafi tana warin kindirmo."

Na saci kallon mahaifina. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, amma gemunsa na motsi.

Malam ya ce, "Yakan nemi izini kafin ya buɗe?"

"A'a!" in ji aji baki ɗaya, da murya irin ta karatun haddar safe.

Nan mahaifina ya kasa. Ya miƙe zumbur, ya zura kai da hula ta taga, ya ce, "Ku tambaye shi rediyona!"

'Yan matan layin taga suka yi ihu suka watse. Wani ya faɗo daga benci. Malam, da yake mutum ne mai tarbiyya, ya gyara hannun riga ya matso, aka yi gaisuwa cikakkiya ta taga: gajiya, iyali, kasuwa, ruwan bana, mutanen Maiyama. Sai da aka gama sannan mahaifina ya shigar da ƙara. Ya ce rediyon nan tasha ɗaya yake kamawa, ita yake so, suna zaman lafiya. Yaron nan ya buɗe shi. Yanzu yana kama tashoshin duniya duka, har da wasu mutane masu magana kamar suna tauna tsakuwa, amma tashar tasa ta ɓace.

Malam ya ce, "Baba, a yi haƙuri, akwai doka. Sai an ce tubarkalla tukuna."

Aji duka ya juyo wajen taga. Mahaifina ya dubi yaran, ya dubi allo, ya gyara hula. Mutumin da bai taɓa cewa na yi daidai ba ko a kan ɗaurin akuya.

"To. Tubarkalla."

Ihun da aka yi sai da shugaban makaranta ya leƙo daga ofis. Ana buga benci, Barista na kiran a yi oda tana fin kowa ƙara. A cikin hayaniyar ne mahaifina ya waiwayo ya ga har yanzu ina nan a gindin ƙafarsa, kunnena a buɗe.

"Kai, tahi can gindin dogon yaro."

Dokar Malam ta ce a ji. Ta mahaifina ta ce kada a ji, kuma ita ta girmi ta Malam. Na tafi. Daga inuwar bishiyar ina hango shi, ya kafa gwiwar hannu a kan taga kamar mai sayen kati, yana magana, yana kwatanta wani abu da hannu, yana juya yatsu kamar mai kwance ƙusa. Ya daɗe. Ban taɓa ganin ya yi magana mai tsawon haka ba in ba a kan farashin taki ba.

Abin da ya faɗa daga bakin Barista na ji shi, don haka sai a rage kashi ɗaya cikin uku. Ta ce ya ce tun ina rarrafe nake kwance abubuwa. Ya ce injin feshinsa ni nake tayar da shi duk shekara, yana sane, yana dai yin kamar bai gani ba. Ya ce dalilin da ya sa ma yake son tura ni Jiga Birni shi ne injunan kawuna kullum a mace suke, ba wai don hannuna na da kyau a dashe ba, domin ba shi da kyau. Malam ya ce abin da ake kira injiniya ke nan, kuma hanyarsa ta ajin kimiyya ce. Mahaifina ya tambaya ko injiniya yakan mayar da ƙusoshin duka.

"Shi ake koya musu, Baba."

"To a koya mashi."

A kan buhunan albasa na koma gida ranar, a bayan babur, iska na dukan fuskata, ina jin kamar ni na ƙera shi. Muka isa, mahaifina ya kafe babur. Da ya sha ruwa ya huta, ya fuskanci turken akuya ya ce wa mahaifiyata malamin yaron nan ya ce kimiyya, a aika wa kawunsa ya nemi wani.

Hutun nan ban taka ƙasa ba. Yaran unguwa na kirana Injiniya ina amsawa da ɗaga gira. Na buɗe fitila, na buɗe famfon keke, na buɗe agogon hannun liman da yardarsa, na buɗe na ladan ba da yardarsa sosai ba. Mahaifiyata ta kai keken ɗinkinta ajiya gidan ƙanwarta a Alelu har sai an koma makaranta. Na ari littafin kimiyya na wani da ya gama, na haddace sunayen abubuwan da na daɗe ina kwancewa ban san suna da suna ba. Ranar komawa na riga mai gadi isa ƙofa.

Aka tara mu a fili, likitoci da malaman gona da matuƙin jirgin sama da ni. Shugaban makaranta ya yi mana barka da dawowa, ya ce an yi wa malaman kimiyya canjin wurin aiki a lokacin hutu, ba a kuma turo wasu ba.

Dukanmu adabi muka yi.